Ya Juya Katakon Don Hoto Ya Yi Kyau

Sallama gare ku, masu haƙurin bibiyata. Wata baiwar Allah ta rubuto mini tana cewa, "Malama, ke fa kin cika raina mutane. Mutum ya yi karatu, yana da sana'a, iyayenki na son sa, me kuma kike nema?" Ban ji haushi ba, 'yar'uwa. Ni malama ce, na saba da ɗalibin da ke ba da amsa tun ba a gama karanta masa tambaya ba. Ki gyara zama, zan bi da ke daki-daki, in na gama sai ki sake yanke hukuncin.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: shekarata ashirin da tara, ina koyarwa a kwalejin fasaha, kuma bincikena a kan gina manyan gine-gine da katako ne a maimakon siminti da rodi. Rabin ranata a aji take ƙarewa, rabi a ɗakin gwaji, inda nake ɗora katako a ƙarƙashin na'ura ina danna shi har sai ya karye, in rubuta nauyin da ya ɗauka. Mama takan ce duk 'ya'yan mutane ana biyan su su gyara, ni kaɗai ake biya in fasa.

Wanda zan aura, saura mako biyar, mai zana gine-gine ne. A wayata Mai Zane na sa masa. Mama kuwa Injiniya take ce masa, duk da cewa injiniya ɗaya ce a gidanmu, kuma ita ta haife ta. Ba wanda ya tilasta mini shi, kada in ɗauki alhakin kowa. Ni na kawo shi gida da ƙafata, ranar da na ji shi a wani taro yana cewa itace yana sake tsirowa, dutse kuwa in an fasa shi an fasa ke nan. Na ce yauwa, ga mai irin tunanina. Daga baya na gane jimla uku ya haddace a kan katako, wannan ce ta farko, kuma duk taron da ya je su yake juyawa.

Wata makarantar yara ce ta ba shi aikin babban ɗakin karatu, na katako tun daga bango har rufi. A kan rufin za a zuba ƙasa a shuka ciyawa da furanni don ɗakin ya yi sanyi ba tare da na'ura ba. Tunani mai kyau ne, ban hana shi ba. Ya ɗauki Baba ya shugabanci kafintocin aikin. Babana shekara arba'in yana riƙe da zarto, kuma tunda yake bai taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Ranar da aka ba shi, sai da Mama ta kira 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu irin surukin da Allah ya ba ta.

Makarantar ta ce kafin a ɗora ƙasa a rufin, tana son masani ya duba katakon ya sa hannu. Mai Zane da kansa ya ba da sunana. A lokacin har na ji daɗi, wai ya yarda da ilimina. Allah sarki ni.

Wata huɗu ana aikin bai bar ni na taka wurin ba. Kullum sai ya ce, "So nake ki gan shi a gama, numfashinki ya ɗauke." To, ranar Asabar ɗin da ta wuce ce ranar ɗaukewar numfashin. Tun ina shan shayi saƙonsa ya shigo:

"Barka da safiya, Gimbiyar Katako. Yau za ki ƙara sona. Ki sa kaya masu haske, akwai mai hoto."

Ban gama karantawa ba wani ya biyo:

"Ki taho da biro mai kyau."

Na fito da wandon aikina da doguwar rigar da nake shiga ɗakin gwaji da ita. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta tare a gidanmu tun da aka tsayar da ranar aure, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"'Yar nan, gyaran famfo za ki?"

"Duba gini za ni, Gwaggo."

"Ginin mijinki. Ko kunya ba kya ji? Ke!" ta ƙwala wa Mama kira. "Zo ki ga abin da 'yarki ta sa."

Minti ashirin bayan nan na fito cikin koriyar doguwar riga mai duwatsu a wuya, da siririn mayafi ruwan zuma, da takalmi mai tsini wanda tun da aka saya yake cikin kwalinsa. Mama ta fesa mini turare har sai da na yi atishawa. Ban yi musu ba. Na dai zura takalmin aikina da tocila da tef ɗin awo a cikin babbar jaka, na ɗora ɗan kwali a kai.

Baba bai bi mu ba. Ya ce kansa na ciwo. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita aiki, ranar nuna aikinsa mafi girma ya ce kansa na ciwo. Da na tsaya na yi tunani a nan, da na gane da wuri.

A bakin ginin muka tarar da Mai Zane. Bari in kwatanta muku shi, don ya cancanta. Farar riga ƙal, an naɗe hannuwanta daidai gwiwar hannu, naɗin da na tabbata a gaban madubi aka yi shi. Hular kwano fara, wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba balle ƙura. Fensir a bayan kunne, sabo, ba a taɓa fere shi ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Mama da Gwaggo, da ya miƙe kuma ya kakkaɓe gwiwarsa sau uku.

"Mama, ku shigo da ƙafar dama. Wannan gini numfashi yake yi."

Jimla ta biyu ke nan.

Gaskiya ɗaya ce, ɗakin ya yi kyau. Faɗi gare shi, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, haske na zubowa ta dogayen tagogi, ƙamshin sabon katako ya cika ko'ina. An riga an jera ƙananan kujeru masu launi, waɗanda ko gwiwata ba su kai ba. Shugabar makarantar, wata dattijuwa mai tabarau da fara'a, ta riƙe hannuna tana cewa yara ɗari da ashirin ne za su riƙa zama a nan kowace safiya. Mai hoto na ta ƙyasta abinsa. Mai Zane na tsaye a tsakiya, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya yana nuna sama.

Sai na bi hannun nasa da kallo.

A nan sai kun yi mini haƙuri in ɗan koma aji, minti ɗaya kacal. Dogayen katakon da ke kwance a sama suna ɗauke da rufi, waɗanda magina ke kira bim, ba daga gungume ɗaya ake yanko su ba. Siraran alluna ne ake jerawa a kan juna a manne da gam mai ƙarfi, har su yi kaurin da ake so. Kuma ba jerin banza ake musu ba. Ki ɗauki sanda ki lanƙwasa ta ƙasa: bayanta na sama matsewa yake yi, cikinta na ƙasa kuwa ja yake yi kamar za a yage shi. Daga ƙasan take fara karyewa. Shi ya sa irin waɗannan bim ɗin a kamfani, allunan da suka fi tsabta da ƙarfi su ake sa wa a ƙasa. Masu ido, wato wannan baƙin kullin da ke nuna inda reshe ya taɓa fitowa, su ake turawa sama, don ido yana jure matsi amma ba ya jure ja. Sannan a buga hatimi a gefen saman, a rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan ne sama, yadda ko makaho ya shafa zai ji.

Na ɗaga kai, sai idanu suka kalle ni. Baƙaƙe, manya da ƙanana, jere a cikin bim ɗin farko tun daga wannan bango har wancan. Na duba na biyu. Na uku. Na bi su ɗaya-ɗaya ina tafiya da takalmin nan mai tsini yana ƙwas-ƙwas a daɓe. Goma sha biyu ne, kuma duka goma sha biyun a kife suke.

"Kin gani ko?" Mai Zane ya matso kusa da ni yana murmushi. "Na san abin da zai fara ɗaukar idonki ke nan. Da aka kawo su, ɗaya gefen sumul yake kamar roba, ba rai a cikinsa. Wa zai yarda katako ne a hoto? Sai na ce a juyo da mai idon ƙasa. Yanzu duk wanda ya shigo ya san itace ne na gaske."

Da bakinsa, jama'a. Yana alfahari.

Na ce, a hankali, don ban son shugabar ta ji, "Ina hatimin da ke jikinsu?"

"Wannan mummunan rubutun? Na sa an goge da sanfefa. Ya ɓata fuskar."

A raina na ce, ai kuwa, tunda rubutun kaɗai ne a ginin nan yake faɗin gaskiya.

Na cire takalmin mai tsinin a gaban kowa, na zura na aikina, na tattare koriyar rigar na hau tsanin da ke jingine a bango. Ina jin Gwaggo tana salati a ƙasa. Na haska tocila, na auna manyan idanun da ke tsakiyar kowane bim, na ɗauki hotonsu. Da na sauko na ja shi gefe, bayan wata kantar littattafai.

"Yaushe za a ɗora ƙasar?"

"Litinin da safe. Me ya faru kike ta haɗe rai? Mai hoto na kallo."

Na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, har ma na fi sassautawa. Na ce yanzu rufin kansa kawai suke ɗauke da shi, shi ya sa suke tsaye lafiya. In aka zuba ƙasa, ruwan sama ya jiƙa ta, nauyin zai ninka, kuma gefen da ba shi da ƙarfi shi aka bar wa ja. Na ce ba lallai ya faɗi ranar ba, ba lallai a wannan shekarar ba, amma katako irin wannan ba ya sallama kafin ya karye.

Ya saurare ni da irin murmushin da ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki.

"Gimbiya, katako katako ne. Sama da ƙasa duk itace ɗaya. Ku mutanen ɗakin gwaji kun saba da tsoro. Kakanninmu da suka yi gini da itace, wace na'ura suka danna?"

Jimla ta uku. Ya ƙare kayansa ke nan, na san daga nan babu sauran komai a shagon.

"Kakanninmu ba su ɗora lambu a kan yaran mutane ba," na ce. "A cire rufin a juya su. Mako uku ne, in an yi da gaske."

"Mako uku? Ranar Alhamis masu ba da lambar yabo za su zo. Kin san shekara nawa ina jiran su?" Ya zaro takarda daga cikin wata jakar fata, ya miƙo mini. "Sa hannu kawai, mu je a yi mana hoto. Ai don kada a samu irin wannan dogon turancin na ce a ba ki aikin."

To, kun ji dalilin. Ba ilimina ya gani ba, biro ya gani sanye da mayafi.

Na karɓi takardar na ninke ta biyu na sa a jaka. Na ce wa shugabar makarantar zan aiko da rahotona kafin Litinin, ta yi ta sa mini albarka. Muna shiga gida, Mama ta rufe ƙofar falo ta jefar da mayafinta a kan kujera.

"Ke wace irin yarinya ce? A gaban mutane ki tattare riga ki hau tsani kamar mai gyaran wuta?"

"Mama, katakon a juye yake."

"To sai me? In an juya tabarma ba ta shimfiɗuwa?"

Gwaggo ta karɓe. "Ni dai na faɗa tun farko, karatun nan ya yi yawa. Namiji ya yi abin a yaba masa, ke kin tafi da tocila neman laifi. Haka za ki riƙa haska masa tocila a gidan auren?"

Ban ɗaga murya ba, ba halina ba ne. Na ce su biyo ni shagon Baba da ke bayan gida. Baba na zaune a kan benci yana wasa wani kurfin sassaƙa katako da ba ya buƙatar wasawa. Bai ɗago ba. Na zaɓi siririn allo mai babban ido a gefe ɗaya daidai tsakiyarsa, na ɗora bakinsa biyu a kan bulo biyu, idon yana sama.

"Gwaggo, taimaka ki hau."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ki karya ni saura mako biyar biki?"

"Tsayinsa bai kai taku ɗaya ba. Riƙe hannuna."

Ta hau tana mita. Allon ya lanƙwasa, ya yi ƙara kaɗan, ya riƙe ta. Ta sauko tana cewa, "To, ga shi, lafiya lau. Sai aka yi yaya?"

Na juya shi, idon ya koma ƙasa. "Sake hawa."

Ƙafarta ta biyu ba ta gama sauka ba ya ce ƙaras! Ya rabe biyu daidai kan idon. Gwaggo ta dafe ni tana "Wayyo ƙuguna! 'Yar banza, da gangan kika yi!" Amma ba ta ƙara cewa komai a kan tocila ba.

Mama ta daɗe tana kallon guntayen. Uwata ba ta da wauta, son abin ne ya rufe mata ido. Da ta buɗe baki muryarta ta sauko.

"To, ki faɗa masa a hankali, tsakaninku. A gyara ba tare da duniya ta ji ba. Ko ki bari a wuce bikin tukuna, in kin shiga gidansa kya lallaɓa shi. Namiji ba a gyara shi a gaban mutane."

"Mama, ƙasar jibi za a ɗora. Yaran kuma mako mai zuwa za su shiga."

"Ni dai kada ki ja mana abin magana. An gaya wa kowa. An ɗinka kaya."

Ta ja Gwaggo suka koma ciki. Na rage daga ni sai Baba. Na zauna a kan bulo ina kallon hannuwansa, hannuwan da suka ƙera gadon da aka haife ni a kai da teburin da na yi karatun jarrabawa.

"Baba, ka sani?"

Ya ajiye kurfin.

"Uwata," haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Tun ina yaron shago na san ba a sa ido a ƙasa. Ban san lissafinku ba, amma wannan na sani."

"Ka faɗa masa?"

"Sau biyu. Na farko ya yi dariya, ya ce wannan katakon zamani ne, ba irin namu ba. Na biyu a gaban yarana ya ce, Baba, kai ka riƙe guduma, ni in riƙe zane." Ya juya kurfin a kan benci. "Da wani ne, da na ajiye masa kayansa na taho. Amma na duba na ga mutumin da zai riƙe mini ke ne. Na ce in na ƙi, zai ce tsohon ya raina shi, abin ya dawo kanki. Sai na ce wataƙila shi ya sani, tunda ya yi karatu. Na hau da kaina na ɗaure su. Wata biyu ke nan ban ci abinci ya zauna mini ba."

Ban yi kuka ba. Kuma ba haushin Baba na ji ba. Mutum ya samu dattijo mai kunya, ya hau kan kunyar tasa ya yi gini.

Na ɗauki waya na rubuta wa Mai Zane, don in ba shi dama ta ƙarshe, kamar yadda nake ba ɗalibin da ya faɗi jarrabawa:

"Ka kira makarantar da kanka ka ce ka gano kuskure, a dakatar da ƙasar. Zan taya ka tsara gyaran. Ba sai an ce ni na gano ba, ka ɗauki yabon."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sai ga shi:

"Gimbiya, ki kwantar da hankali. Mata in biki ya matso haka suke."

Na ce: "Ba zan sa hannu ba."

Wannan karon bai ɓata lokaci ba. Zan kwafo muku saƙon yadda yake, ban ƙara ko wasali ba:

"Shi ke nan. Amma ki tuna zanena daidai yake, ya nuna sama a sama. Ba inda na rubuta a juya. Wanda ya ɗaura su, ya kuma sa hannu cewa ya ɗaura bisa zane, Baba ne. In rahoto ya fita, sunansa ne a ciki, ba nawa ba. Ni tausayin tsohon nake ji. Ki yi tunani, ina son ki."

Har da hoton zuciya a ƙarshe. Ja.

'Yar'uwar da ta ce na cika raini, kina nan? Ina fata ba ki tashi ba.

Na karanta sau biyu. Gaskiya ya faɗa ta wani gefen, kuma abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da baki ya ba da umarnin, a takarda kuwa hannunsa fes, kamar hular kwanonsa. In na rubuta gaskiya, shi zai ɗaga kafaɗa ya ce tsohon kafinta ne bai iya karanta zane ba. Baba kuma, bayan shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da ko kujera ba, zai zama mutumin da ya kusa rufta rufi a kan yara. Wa zai sake ba shi ko ƙofar bayi ya ɗaura? In kuma na sa hannu, sunan Baba ya tsira, biki ya tafi daidai, ni kuma duk ranar da hadari ya haɗu in riƙa tuna ƙananan kujerun nan.

Na so in ɓoye wayar. Baba ya miƙo hannu.

"Karanta mini. Idona ba ya ganin ƙananan nan."

"Baba, ba komai ba ne."

"Uwata, ban taɓa jin kin yi mini ƙarya ba. Kada ki fara a kan wannan."

Na karanta masa, har da "ina son ki" ɗin. Can ya ɗan yi murmushi, irin wanda ba na daɗi ba.

"Tausayina yake ji. Madalla." Ya share tafin hannunsa a jikin riga. "Ɗauko abin rubutunki."

Na shiga ɗaki na ɗauko kwamfuta, na ɗora a kan bencin aikinsa, a tsakiyar garin katako. Na rubuta abin da na gani, bim goma sha biyu, girman idanun, lissafin nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na sa hotuna. Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a ɗora komai a rufin, kada kuma yaro ya shiga sai an juya su. Da na zo wurin da ake faɗin yadda aka yi kuskuren, yatsuna suka tsaya.

"Zan iya cewa ba a tantance ba tukuna," na ce.

"An tantance. Rubuta: mai zane ya ce a juya. Kafinta ya san ba daidai ba ne, ya faɗa sau biyu, sannan ya yi shiru ya ɗaura. Ki sa sunana cikakke, kada ki taƙaita."

"Baba, zai musa. Ba mu da takarda."

"Ya musa. Ni dai nawa na faɗa. Kuma ki ƙara cewa in sun yarda, ni zan hau in kwance su da hannuna, tunda ni na san inda kowane noti yake."

Na rubuta yadda ya faɗa. Na tura wa shugabar makarantar, na tura wa shugaban sashenmu, na tura wa Mai Zane nasa kwafin don kada ya ce an yi a bayan idonsa. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na yamma. Ban taɓa jin ƙarar tafiyar saƙo ta yi mini nauyi haka ba.

Da na juyo, ashe Mama na tsaye a bakin ƙofar shagon, da kofin shayin Baba a hannu. Shayin ya daina tururi, wato ta daɗe a wurin.

"Ba ni wayar," ta ce.

Na buɗe mata saƙon na miƙa. Mama a hankali take karatu, tana motsa leɓe. Na ga ta kai ƙarshe, ta koma farko. Wayar ta fara ruri a hannunta, sunansa ya fito, ta bar ta tana yi har ta katse. Ta sake yi, ta sake katsewa.

"Shi ya rubuta wannan? Da hannunsa? A kan mahaifinki?"

"Shi ne, Mama."

Ta ajiye kofin a gaban Baba ba tare da ta dube shi ba. Ta shiga ciki. Muna jin Gwaggo tana tambayar ta lafiya. Da ta fito ta sa babban mayafinta na fita unguwa, ta rataya jaka, wayata na damƙe a hannunta har yanzu. Shekara ashirin da tara ina karanta fuskar matar nan, amma ranar ban iya gane komai a cikinta ba, ko haƙuri za ta je bayarwa, ko wani abin daban.

"Ɗauko makullin mota," ta ce. "Ki kai ni wurin uwarsa."